Mai In'ina a Wasan Barkwancin Talabijin: Yadda Ake Rubuta Shi, a Ɗauka, a Haɗa

Duk mai kallon camama ya san fitowar nan. A kawo mutum hula a karkace, ya buɗe baki ya kama "ba-ba-ba-ba", yana dukan cinya yana runtse ido, wani ya lallaɓo ya ɗirka masa duka a gadon baya, maganar ta faɗo, kowa ya tuntsire da dariya. An yi ta har ta tsufa. Aibinta biyu ne: ba haka in'ina take ba, kuma gobe da safe akwai yaron da za a yi wa wannan dukan a filin makaranta. Bayanin nan na marubuci ne da darakta da ɗan wasa da edita, ko shirin na KTTV ne, wato talabijin ɗin jihar Katsina, ko NTA Katsina, ko na 'yan ƙungiyar da ke ɗauka da waya a Daura suna ɗorawa a YouTube da TikTok.

Ba a ce kada mai in'ina ya fito a wasan dariya ba. Cire shi gaba ɗaya ma wani nau'in wariya ne. Ƙa'idar da za a bi Bakatsine ya riga ya san ta daga wasan taubasai, da wanda ke tsakaninsa da Banufe ko Bahaɗeje: wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma wata rana shi ke cin kasuwar. In kullum gefe ɗaya ke sha, sunan abin cin fuska. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na ba mai in'ina bakin ramawa a cikin wasa.

Kafin a ɗora biro a takarda

Kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da in'ina, a kowace ƙasa da kowane harshe. A yara abin ya kai wajen 5 cikin 100. Takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, lokacin da yaro ke koyon haɗa jimla, kuma aƙalla 3 cikin 4 sukan rabu da ita kafin su girma. A cikin manya maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Tana bin jini: a 2010 masu bincike ƙarƙashin Dennis Drayna a Amurka suka gano wasu ƙwayoyin halitta masu alaƙa da ita a cikin iyalai na Pakistan, daga baya aka yi irin wannan aiki a kan wani babban dangi a Kamaru. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita lokacin motsin harshe da leɓe da maƙogwaro da numfashi. Mai ita ya san sarai kalmar da yake son faɗa. Tsoro bai haifar da ita ba, ƙarya ba ta kawo ta ba, ba ruwanta da kaifin hankali, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar kwaikwayo, duk da abin da iyaye ke tsoratar da yara da shi.

A nan ne marubutanmu suka fi zamewa, saboda sun saba da "cikin in'ina ya ce" duk inda aka kama ɓarawo ko aka ritsa maƙaryaci. Wancan inda-inda ce da kame-kame, ta wanda bai san abin da zai ce ba. Kowa na yin ta. In ka gauraya biyun, ka koya wa mai kallo cewa mai in'ina mara gaskiya ne.

In'ina ta gaskiya kala uku ce. Akwai maimaita sauti ko gaɓar farko, kamar "ku-ku-kuɗi". Akwai jan sauti, kamar "sssabulu" ko "mmmota", kuma wannan yana faruwa ne a sautukan da iska ke gudana a cikinsu: s, sh, z, m, n, l, w, y, f. A bakin Bakatsine mai cewa hura da hwara, jan zai faɗa ne a kan h, don haka "hhhura" za a rubuta, ba "fffura" ba. Na uku shi ne maƙalewa: baki ya shirya, leɓe ko harshe ya kama wurinsa, amma ba abin da ya fito, shiru na daƙiƙa ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye. Ya fi zuwa a kan b, d, g, k, t da ɓ, ɗ, ƙ. Maƙalewar nan ita ce ta fi wahalar da manya, ita ce kuma 'yan wasa ba sa yi sam, saboda ba ta da ƙarar da za ta ba da dariya nan take. Duka ukun a farkon kalma suke zuwa, galibi a farkon jimla, kuma a manya sun fi sauka a kan kalmar da ke ɗauke da ma'ana, wato suna ko aikatau ko lamba. Ɗan wasan da ke maimaita ƙarshen kalma, ko yake in'ina a kowace kalma daidai wa daida, duk mai in'inar da ke kallo zai gane ƙarya ce tun a jimlar farko.

Ƙifta ido, dukan cinya, buga ƙafa, kaɗa kai, waɗannan ba su ne in'inar ba. Dabaru ne da mutum ya taɓa yi kalma ta fito, sai jiki ya riƙe. Wani yana da ɗaya, wani ba shi da ko ɗaya. Zaɓi guda, ƙarami, ka tsaya a kansa har ƙarshen shirin.

Sai ɓangaren da ba a gani, wanda marubuci mai wayo zai fi cin moriyarsa. Mai in'ina yakan hango kalmar da za ta maƙale tun kafin ya iso ta, sai ya kauce. Balangu yake so, ya ji b ɗin ba za ta fito ba, ya ce wa mai nama a ba shi tsire. Waya na ƙara, ya bari ta katse sannan ya tura saƙo. Ya san amsa a aji, ya yi shiru. Abin kuma hawa da sauka yake yi. Yana tsananta wajen faɗin sunan kai, tunda suna ba shi da madadi, da kan waya, da gaban suruki ko hakimi ko ɗan sanda, da layin da ake jira a bayanka. Yana raguwa ƙwarai, ko ya ɓace, a waƙa, da karatu baki ɗaya irin na makarantar allo, da magana da jariri ko dabba, da lokacin da mutum yake shi kaɗai. Ɗauki jerin fitowarka ka rubuta a gefen kowace: nauyi, matsakaici, ko babu. Wannan taswirar ita za ta hana ɗan wasa yin abu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Gina mutumin, sannan a ba shi in'inar

Rubuta shi tukuna da magana garau. Sana'arsa, abin da yake nema, aibinsa, wanda yake tsoro, wanda ke tsoronsa. Karanta fitowar a haka. In babu dariya, ba ka da ɗan wasa, in'ina kawai ka jingina da bango. Shirin BBC na Open All Hours, wanda aka yi daga 1976 zuwa 1985, misali ne mai fuska biyu. Ronnie Barker ya fito a matsayin Arkwright, mai kanti mai in'ina. Abin da suka dace da shi: shi ne maigida, shi ke juya kowa, kuma injin dariyar rowarsa ce da wayon ciniki, ko an cire in'inar mutumin na nan. Inda suka gaza: sau da yawa an jera in'inar ne daidai inda ake son dariya ta tashi, yaron kantin kuma yana kwaikwayonsa. Ɗauki na farkon, bar musu na biyun.

Kada ka sa masa suna daga lalurar. Sunan da ka raɗa masa a shiri shi za a liƙa wa duk yaro mai in'ina daga Ƙofar Soro har Kusugu, kuma laƙabi a ƙasar Hausa ya fi sunan yanka daɗewa. Kada ka tara masa kaya: yagaggiyar riga, dalalar miyau, wauta, rashin mata. Ka bar tsohon zancen nan na cewa mai in'ina akwai zuciya. Wanda ake katse wa magana sau ashirin a yini yana da dalilin ɓacin rai, amma in ka mai da shi mai ɗaukar tabarya duk sanda kalma ta maƙale, ka rubuta zancen bakin titi ne.

To ina dariyar za ta sauka? Wuri mafi albarka shi ne kan mai gaggawa, wanda ba ya iya jiran daƙiƙa uku sai ya ƙarasa wa mutum magana. Ga fitowa ta gwaji. Shagon tela a Ƙofar Ƙaura, saura kwana biyu Sallah, Alhaji ya shigo a fusace.

Alhaji: Malam, ina ɗinkina? Sati ukku ke nan!
Tela: Sannu da zuwa, Alhaji. Ɗinkinka na ƙ… (ya maƙale)
Alhaji: Ka ƙone shi? Innalillahi! Shaddar da na sawo da tsada?
Tela: (ya girgiza kai a natse) Na ƙ…
Alhaji: Ka ƙi yi? Ni za ka wulaƙanta cikin garin nan?
Tela: A'a, ranka shi daɗe. Na ƙ…
Alhaji: Ka ƙara kuɗi! Ai na sani, halinku ne in Sallah ta matso. Ungo dubu biyu, ni dai a ba ni kayana.
Tela: (ya karɓa, ya ƙirga, ya sa aljihu) …ƙarasa shi tun jiya. Ga shi can a rataye. Allah shi ƙara buɗi, Alhaji.

Duba yadda aka ɗaura ta. Maƙalewar ɗaya ce, a kan sauti ɗaya, kuma ta gaskiya ce. Zato uku Alhaji ya yi, duka da ƙ suka fara, kowanne ya fi na baya tona halinsa. Tela bai ruɗe ba, bai ji kunya ba, shi ke zaune a kujerarsa cikin shagonsa. Kalmar ƙarshe tasa ce, kuɗin ma nasa. Mai kallo ya yi dariya, ya kuma tashi da sanin cewa ƙarasa wa mutum magana asara ce, ba tare da an tsaya yi masa wa'azi ba. Irin wannan ba a yin ta fiye da sau ɗaya a kashi guda, in ba haka ba ta koma tsohuwar fitowar da sabuwar riga.

Wuri na biyu shi ne yanayi: an tura shi neman aure a madadin ƙaninsa, ya shirya jawabinsa tsaf da kalmomin da ba sa maƙale masa, sai waliyyi ya tambaye shi sunansa. Na uku shi ne bakinsa. Mai in'ina da yawa suna da zolaya mai kaifi, domin wanda kalma ke yi wa tsada ba ya ɓarnatar da ita. Ba shi layukan da suka fi na kowa daɗi, gajeru, masu sauka daidai.

Akwai tarkon da Hausa ta ɗana wa marubuci, wanda ba za ka same shi a littafin koyon fim na waje ba. Harshenmu yana ninka gaɓa don canza ma'ana. "Bu-buga" a kunne bubbuga ce, "ta-tara" tattara ce, "bi-biyu" bibbiyu ce. Wasu ninkin kuma kalmomi ne masu zaman kansu: ka-ka, ba-ba, ko-ko, ma-ma. "Wa-wa-wake" ya haifi wawa, "tu-tu-tuwo" ya haifi abin da ba a faɗa a gaban abinci. Karanta kowane layi da ƙarfi ka saurari abin da ninkin ya haifa. In ya haifi zagi ko batsa, sauya kalmar ko ka mai da shi maƙalewa, domin wannan guntun shi yara za su haddace. In ya haifi rikicin lissafi, kamar mai ƙosai ta ji bibbiyu ta zuba wa kowa biyu, ana iya amfani da shi, da sharaɗin wanda ya yi saurin yanke hukunci shi zai biya.

A rubutun, sa alama uku kada ka bar wa ɗan wasa zaɓi: karan ɗori don maimaitawa, ninka harafi don ja, ɗigo uku bayan harafin farko don maƙalewa, da adadin daƙiƙa a gefe. Ma'aunin da ke aiki a allo shi ne wuri 5 zuwa 8 cikin kalma 100 na maganarsa a fitowa matsakaiciya, 10 zuwa 12 a mai nauyi. Maimaitawa kada ta wuce sau biyu ko uku. Doguwar maƙalewa, mai daƙiƙa huɗu ko biyar, ɗaya tak a kashi mai minti 25, kuma a ajiye ta inda ba a son dariya. Ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan lokacin da ka ƙiyasta wa duk fitowar da yake ciki, don kada edita ya zo yana yanke masa numfashi.

Masu kallonka kuma sun san wani abu da ya kamata ka tuna. Addu'ar Annabi Musa, alaihis salam, a Suratu Ɗaha aya ta 27 da 28, ta neman a warware ƙulli daga harshensa don a fahimci maganarsa, yaran Islamiyya ma sun haddace ta. A Suratul Ƙasas aya ta 34 ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. Wanda kuwa ya yi masa gori da cewa da ƙyar yake bayyana magana, a Zukhruf aya ta 52, Fir'auna ne. Marubucin da ya sa jaruminsa na kirki yana kwaikwayon mai in'ina ya duba layin wa ya ba shi. A ɓangaren hukuma, kundin ƙa'idojin NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ya hana nuna nakasa ta hanyar da za ta tozarta mai ita ko iyalinsa, kuma tun Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu.

Wa zai hau?

Mafi kyau mai in'inar gaske wanda ya iya wasa. Amma shirya wa abu biyu. Na farko lokaci. A 1935 da kamfanin Warner Bros. ya fito da Porky Pig, aladen katun mai in'ina, wanda ya fara yi masa murya, Joe Dougherty, mai in'ina ne na gaske. Da yake ba ya iya tsayar da ita inda ake so, ɗaukar murya na cin lokaci da kuɗi, a 1937 aka maye gurbinsa da Mel Blanc, wanda ya ƙirƙiri ta wasa mai sauri. Daga irin wannan lissafin ne in'inar bogi ta mamaye allo. In ka ɗauki mai ita, ware masa ƙarin awa ɗaya ko biyu a yinin ɗauka, ka rage mutanen da ke tsaye a bayan kyamara, ka bar shi ya sauya kalmar da ta ƙi. Na biyu, tana iya ɓacewa da an ce a fara. Rowan Atkinson, wanda muka fi sani da Mista Bin, ya yi fama da in'ina, ya kuma sha faɗin cewa in ya shiga rigar wani mutum takan sake shi. In haka ta faru kada darakta ya ce "yi in'inar mana". A zauna da shi a zaɓi wuraren da zai yi ta da gangan, da yardarsa. Drew Lynch, mai barkwancin da ya zo na biyu a gasar America's Got Talent a 2015, da in'inarsa yake wasa, kuma abin ya karɓu ne saboda shi ke riƙe da linzamin.

In wanda ba shi da ita ne zai hau, ya nemi mutum biyu ko uku masu in'ina, da izininsu, ya zauna da su na sati biyu. Kada ya kwafi mutum ɗaya sak, garin ƙarami ne, za a gane wa ake nufi. Ɗaya daga cikinsu ya zama mai ba da shawara a lokeshin, a biya shi kamar yadda ake biyan mai kwalliya. Michael Palin ya fito a mai in'ina a fim ɗin A Fish Called Wanda a 1988 yana koyi da mahaifinsa mai in'ina, duk da haka ƙungiyoyin masu in'ina a Amurka sun yi ƙorafi, kuma a 1993 aka buɗe cibiyar kula da yara masu in'ina a Landan da sunansa. Sanin mutum ɗaya bai wadatar ba.

Wajen gwaji, maƙalewa ake fara koya. Don b, haɗe leɓe, tara iska kaɗan a bayansu, ƙirga biyu a zuci, sannan ka saki kalmar da ƙarfin magana na yau da kullum. Don ƙ, bayan harshe ne ke manne a ganɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne fashewa da ihu bayan sakin, da shaƙe maƙogwaro har jijiyar wuya ta tashi. Na farkon yana mai da abin wasan yara, na biyun yana dusashe murya kafin azahar. Minti 15 zuwa 20 na gwaji ya isa a zama ɗaya, a sha ruwa a huta. Ido kuma ya ci gaba da rai: mai in'ina yana tunani a cikin maƙalewar, yana kallon yadda ake kallonsa. Yaro ƙarami kada a sa shi in'inar ƙarya, don shi zai koma aji da sunan.

Sauran 'yan wasan rabin aikin a hannunsu yake, domin mai kallo daga fuskarsu yake koyon abin da zai yi. A sami aƙalla mutum ɗaya a shirin, matarsa ko abokinsa ko yaron shagonsa, wanda ke saurare yadda ya dace: yana kallonsa, yana jira, ba ya cewa "yi a hankali" ko "ja numfashi", kuma yana amsa abin da aka faɗa, har da yi masa musu in ya yi kuskure. Tausayi mai yawa, irin na "Allah sarki, bawan Allah", shi ma ƙasƙantarwa ne.

A lokeshin da kan kwamfuta

Ɗauki hoton daga ƙirji zuwa sama, ko mutum biyu a hoto ɗaya don a ga mai magana da mai saurare tare. Kada a zuƙo baki. Da kyamara ta cika allo da leɓe mai rawa, mutumin ya ɓace, saura lalurar. Kada a ɗauke shi daga sama ana kallonsa ƙasa, a daidaita da idonsa. Mai riƙe da takardar bin diddigi ya rubuta sautukan da aka zaɓa da ƙaramin motsin da aka amince da shi, domin ana ɗaukar kashi na 2 da na 9 a yini ɗaya, wani kuma bayan wata guda.

Murya a ɗauke ta nan take da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Al'adar komawa situdiyo a ɗora murya daga baya tana kashe wannan aiki, saboda ba wanda zai iya maimaita maƙalewa daidai da motsin leɓen da aka riga aka ɗauka, kuma ƙaramin sautin iskar da ke tare da ita ba ya dawowa. In janareta ko Keke Napep sun dame ku, gara a sauya wuri ko a ɗauka da sassafe.

Edita kuwa da dannawa ɗaya yana iya rushe duk abin da aka gina. Manhajojin haɗa bidiyo irin CapCut suna da hanyar cire shiru da kansu, wasu kuma suna da matatar da ke kashe duk sautin da bai kai wani ƙarfi ba. A kashe su a fitowar mai in'ina, in ba haka ba za su haɗiye maƙalewar, hoto ya yi tsalle. Kada a yanka a tsakiyar maƙalewa zuwa fuskar mai danne dariya. Kada a sa ƙarar nan ta "toing", ko ta tayar da babur, ko ta faifan da ya maƙale. Kada a maimaita guntun sau uku, kada a ƙara masa sauri. In shirin yana da dariyar gwangwani, wato wadda aka naɗa ake ɗorawa daga baya, a jinkirta ta har kalmar ta fito kuma ma'anarta ta sauka. A fitowar tela, wurinta bayan "tun jiya" ne. Kiɗa ya yi ƙasa ko ya tsaya. A fassarar Turanci ta ƙasan allo a rubuta jimlar cikakkiya, sai inda wasan ya dogara da harafin farko.

Ƙarshen labari ma yana da nasa ramin. Kada ya warke don ya firgita, ko don an mare shi, ko don ya yi aure, ko don ya sha wani jiƙo. Babba da ya girma da in'ina galibi da ita zai ci gaba, sai dai ya koyi sarrafa ta, kuma iyayen da suka ga mari ya yi magani a talabijin za su gwada a gida. In ana son a ga ya canza, a nuna ya daina gudu: ya ɗaga wayar, ya ce balangu ya jira har ta fito. In kashin ya taɓo yaro, layi ɗaya a ƙarshe ya isa, cewa in in'inar yaro ta wuce wata shida ko tana ƙaruwa a nemi masu gyaran magana ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Mai neman ranar fitar da irin wannan kashi, 22 ga Oktoba ce ranar wayar da kai kan in'ina ta duniya, tun 1998.

Kafin a kai wa tasha, tara mutum 10 zuwa 15 su kalla, uku daga ciki masu in'ina, a zaunar da su inda za ka ga fuskarsu. Riƙe takarda ka rubuta minti da daƙiƙar duk inda aka yi dariya. Koma kan kwamfuta ka duba abin da ke allo a kowane wuri. Duk dariyar da ta faɗa a kan maƙalewa ko maimaitawa, kafin ma'ana ta fito, a gyara wurin: a rage tsawon, a sauya hoton, ko a matsar da kiɗan. Masu in'inar kuma a tambaye su daban, ba a gaban jama'a ba, kuma a ba su damar amsawa a rubuce ko ta saƙon murya.

Guntun talla na TikTok da Facebook ku yanka shi da kanku tun kafin wasu su yanka muku. Daƙiƙa 30 zuwa 45, ya fara daga shigowar Alhaji ya ƙare a kan tela yana sa kuɗi a aljihu. A rubutun da ke kan guntun a ambaci Alhaji da gaggawarsa, kalmar in'ina kada ta fito a ciki.